Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kiwo Da Sayar Da Karnuka: Azawak Ko Basenji?

'Yan'uwa,

Na rubuto muku ne a kan wata tambaya da mai saye kan zo da ita bayan ya gama kallon hotuna a waya: tsakanin Azawak da Basenji, wanne zan ɗauka? Dukansu karnukan Afirka ne, kuma dukansu ba su da yawa a hannun masu kiwo. Roƙona shi ne kada ɗayanmu ya amsa wannan tambaya sai ya san gidan da karen zai shiga.

Azawak namu ne na Sahel. Daga kwarin Azawak ya fito, tsakanin Nijar da Mali, yankin da ya ba mu jajayen shanun nan masu nono. Buzaye da Fulani sun daɗe suna tafe da shi, yana gadin zango da garke, yana kamo musu zomo da barewa. Sai a farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ba ta yi masa cikakkiyar rajista ba sai a 2019. Tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 74 ne, amma nauyinsa bai wuce kilo 15 zuwa 25 ba. Ko yana cikin ƙoshin lafiya za ka ga haƙarƙarinsa da ƙashin kwatangwalonsa a ƙarƙashin fata. Ku faɗa wa mai saye haka tun a ranar ciniki, don kada matar gida ta ga kamar yunwa ce ta kama shi ta yi ta ɗura masa tuwo har ƙiba ta lalata masa gaɓoɓi. Yana jure zafin rana, amma sanyin hunturu na wahalar da shi, don gashinsa gajere ne ƙwarai. Yana buƙatar ɗaki da shimfiɗa daga Disamba zuwa Fabrairu. Ga mutanen gida yana da shaƙuwa mai ƙarfi, baƙo kuwa ba ya sake masa fuska, kuma yana haushi da zarar ya ji motsi.

Basenji daga dazuzzukan Kwango yake. Ƙarami ne, santimita 40 zuwa 43, kilo 10 ko 11, da kunnuwa a tsaye, goshi mai tamoji da wutsiya a nannaɗe. Ba ya haushi, sai wani dogon kuka mai hawa da sauka, shi ya sa maharban can suke ɗaura masa ƙararrawa a wuya don su san inda yake sa'ad da yake koro nama zuwa raga. An fara kiwonsa a Ingila a shekarun 1930. Yana da tsafta, yana lashe jikinsa, ba shi da warin kare. Sai dai akwai taurin kai, yana hawa shinge, kuma idan aka bar shi shi kaɗai babu abin yi, takalmi da katifa ne za su ji a jikinsu.

To, da wannan a hannu sai ku zaunar da mai saye ku tambaye shi. Me yake so karen ya yi masa? Idan gadi ne, maganar Basenji ta faɗi, domin ba zai tashi maigida da haushi ba. Yaya girman tsakar gidansa, kuma ina tsayin katangarsa? Azawak yana son fili inda zai sake ƙafa ya yi gudu kowace rana, gidan haya mai ɗaki biyu a tsakiyar Kano ko Yamai kurkuku ne a gare shi. Akwai kaji da zabbi? Dukansu mafarauta ne, wanda bai tashi tare da dabbobin gida tun yana kwikwiyo ba zai bi su da gudu. Gidan mai yawan baƙi ne, almajirai na shiga, yaran maƙwabta na fita? Azawak da ba a saba masa da jama'a tun yana ƙarami ba zai zama abin rigima da unguwa. Sannan ku tambayi ko mutanen gidan sun yarda. Malamai sun halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, amma gidaje da yawa ba sa son sa kusa da wurin salla da kwanukan abinci. Karen da aka shigo da shi ba da yardar uwargida ba, ƙarshensa sarƙa ce a bayan gida.

Sai maganar amana. Basenji yana gadon ciwon ƙoda mai suna Fanconi, wanda ke sa kare yawan shan ruwa da yawan fitsari, kuma galibi ba ya bayyana sai yana shekara 4 zuwa 8, lokacin da mai sayarwa ya daɗe da cinye kuɗinsa. Akwai gwajin ƙwayoyin gado da ke nuna shi, don haka kada ku haɗa iyaye barbara sai kun ga sakamakonsu. A wasu zuriyoyin Azawak kuma akwai farfaɗiya, ku bincika tarihin uwa da uba. Matan waɗannan nau'o'i biyu galibi sau ɗaya suke neman barbara a shekara, saboda haka mai 'yan kwikwiyo a kowane wata abin tuhuma ne. Kada kuma a ɗauko karen ƙauye mai nannaɗaɗɗiyar wutsiya a laƙa masa sunan Basenji don a ninka kuɗi. Kowane kwikwiyo ya fita da katin likitan dabbobi, da maganin tsutsa da na kaska, da ranar allurar haukan kare, wadda ake yi yana wata uku.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma aikinmu ne mu nuna masa ramukan kafin ya biya. Mai fili da garke da lokaci, ku ba shi Azawak. Mai ƙaramin gida da doguwar katanga, wanda zai iya fita da kare yawo safe da yamma, ku ba shi Basenji. Wanda ba shi da ko ɗaya, ku faɗa masa gaskiya ya haƙura, ko da cinikin ranar zai wuce ku. Allah Ya sa albarka a sana'armu.

Naku,
Ɗan'uwanku a kiwo