Sabuwa mai araha ko tsohuwa mai ƙarko: a duba aiki kafin a duba kwali

Duk wanda ya shiga kasuwar Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja da niyyar sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, zaɓi biyu ne ke jiran sa a kusan farashi ɗaya: sabuwa dal a kwalinta, ko wadda ma'aikatan kamfanoni suka yi amfani da ita a ƙasashen waje. Yawancin iyaye da ɗalibai kwalin ne ke jan hankalinsu, kuma nan ake yin asara.

Sabuwa mai araha galibi tana zuwa da injin Celeron, RAM 4GB da ma'adana 64GB, wato daidai mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata. Da zarar an buɗe shafukan intanet da yawa tare da Word, sai ta fara jan ƙafa. A da yawa daga cikinsu RAM ɗin manne yake, babu halin ƙarawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Su kuwa ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell da EliteBook na HP, an ƙera su ne domin aikin ofis na yini guda. Jikinsu ya fi ƙwari, kuma kayan gyaransu suna samuwa a hannun masu gyara.

Sai dai tsohuwa ma tana da tarkonta. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na neman injin Intel na zubi na 8 zuwa sama. Don haka kalmar "Core i5" kaɗai ba ta isa hujja ba. Mai saye ya duba lambar da ke biye: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne. Ya kuma gwada batiri a shagon, domin a inda wuta ba ta tsayawa, mataccen batiri ya kashe amfanin kwamfutar.

Wanda kallon bidiyo da ɗan rubutu kawai zai yi, sabuwa mai garanti ta wadatar da shi. Amma ɗalibin da zai yi shekara huɗu da ita, ko mai shagon buga takardu da ke ci daga gare ta, gara ya haƙura da kwali ya ɗauki mai ƙarko.