Wasiƙa Ga Masu Shirya Wasannin Tarihi: Ku Daina Ɗora Wa Dutse Laifin Mutane



'Ya'yana, ina rubuto muku daga Damari ta ƙaramar hukumar Sabuwa, ku da kuke ɗauko labaran mazan jiya kuna mayar da su littafi ko wasan da ake bugawa a waya da kwamfuta. Yabon da kuka cancanta ba zan hana ku ba. Kun koyi sana'ar da babu wanda ya zaunar da ku ya koya muku, kun naɗa wa jarumanku rawani, kun sa suna magana da Hausa. Allah Ya yi muku albarka. To amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dutsen nan naku. Da wuya labarinku ya zo hannuna ban tarar da wani lu'ulu'u da aka binne ƙarƙashin fada ba, wanda ya riƙe shi ya mallaki ƙasa, wanda ya kuɓuce masa ya halaka. Na ga inda aka ce saboda shi Katsina ta yi ta gwabzawa da Gobir. Na ga inda aka ce ɓatansa ne ya kayar da sarakunan Haɓe. Haba, 'ya'yana! Yaƙe-yaƙen da aka yi a kan hanyoyin fatauci da haraji da addini da mulki, ku tattara su duka ku zuba cikin tsakuwa ɗaya?

Na san inda kuka samo wannan. Lu'ulu'un Indiya ne da ake kira Kohinur, wanda wasan Assassin's Creed Chronicles: India na 2016 ya kai 'yan wasa birnin Amritsar na 1841 suna farautarsa a matsayin dutse mai sihiri. Tunda shi kuke kwaikwayo, bari mu bi sawunsa mu ga ko sihiri ne ya yi ta ɗaukarsa.

Labarinsa tabbatacce ya fara ne daga 1739, lokacin da Nadir Shah na Farisa ya ci birnin Delhi, sojojinsa suka kashe dubban mutane, ya kwashe taskar sarakunan Mughal har da karagar mulkin da dutsen ke jikinta. A 1747 dogaransa suka kashe shi, dutsen ya koma hannun Ahmad Shah Durrani na Afganistan. A 1813 jikansa Shah Shuja, wanda ya rasa sarauta yake zaman gudun hijira a Lahore, ya miƙa shi ga Ranjit Singh, sarkin Punjab, a kan tilas. Ranar 29 ga Maris, 1849, Turawan Ingila suka sa Duleep Singh ɗan Ranjit Singh, yaro ɗan shekara 10 da suka riga suka raba da mahaifiyarsa, ya sa hannu a takardar da ta miƙa musu ƙasar Punjab, dutsen kuma ga Sarauniya Victoria. A 1852 aka sake sassaƙa shi, ya ragu daga karat 186 zuwa 105.6, wato kimanin giram 21. Yau yana ajiye a Landan jikin wani kambun sarauta, Indiya da Pakistan da Iran da Afganistan kowa na cewa nasa ne.

Ku sake duba jerin nan. A kowace gaɓa akwai mutum mai suna, da takobi ko alƙalami a hannunsa. Zancen cewa dutsen la'ananne ne ga maza, da tatsuniyar wai Nadir Shah ya yi wayon musayar rawani ya same shi, ba su da tushe. Dalhousie, babban gwamnan Turawa a Indiya, ne ya sa wani matashin jami'i, Theo Metcalfe, ya tattaro tarihin dutsen a Delhi, shi kuwa ya kwaso har da hirar kasuwa ya rubuta, aka yi ta maimaitawa fiye da shekara ɗari. William Dalrymple da Anita Anand sun tsefe wannan a littafinsu na 2017. Wa zancen la'ana ya amfana? Wanda ya ƙwace. Idan dutse ne ke kayar da sarakuna, ai babu azzalumi ke nan, babu kuma wanda za a tambaya. Yaron da ya buga wasanku zai tashi ya san sihirin dutse, bai san an taɓa miƙa wa ɗan shekara 10 alƙalami ya sallama ƙasar ubansa ba.

Kada ku ɗauka ina ƙin almara. Da ita aka yaye mu. Abubakar Imam ya aika jaruminsa neman ruwa mai warkarwa a Ruwan Bagaja, amma bai taɓa cewa tarihi yake ba mu ba. Yayansa Muhammadu Bello Kagara ya haɗa tarihi da almara a Ganɗoki tun 1934, ya kai jaruminsa ƙasashen aljanu can nesa, amma faɗuwar Kwantagora ya bar ta yadda ta faru, hannun Turawa da bindigoginsu. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa da uwa guda mai bin sawun ɗanta da aka sace har ƙetaren Sahara ya sa mu kuka a Shaihu Umar, ba tare da layar tsafi ko ɗaya ba. Mutanen nan a fitilar aci-bal-bal suka yi karatu, amma sun san iyakar gonar gaskiya da ta ƙirƙira. Ku da intanet ke aljihunku, me ya hana ku? Wallahi wani lokaci har raina yakan ɓaci, in ce lalaci ne kawai. Ku yi haƙuri da zafin harshen dattijo.

Laifi na biyu ɗan na farko ne: aro. Kayan aro ba ya rufe katara. In kayan tarihi kuke so, ga Gajere, takobin da ake dangantawa da Korau, yana fadar Katsina har yau, da labarinsa na kokawa da Sanau. Ga tsofaffin garuruwanmu na kudancin Katsina, Pauwa da Kogo da Maska da Gozaki, waɗanda Dokta Yusufu Bala Usman ya bi diddiginsu a littafinsa na 1981 a kan Katsina. In kuma dutse ne lalle, ku roƙi wata tsohuwa ta kwance muku tsakiyarta. Ku riƙe ta a tafin hannu, ku ji sanyinta da nauyinta, ku duba bakin hudar yadda zare ya cinye shi saboda daɗewa a wuyan mata. Wa ya huda ta? Wane ayari ya kawo ta? Fataken Hausa ne suka riƙa kai ɗanyen dutsen lantana daga yankin bakin Kwara a Nijar ta yau zuwa Ilori, inda ake sassaƙa shi. Madugu da jaki da kuɗin fito da 'yan fashin hanya, wannan bai ishe ku wasa ba?

Zan dawo kan maganar farko, domin a nan gida ba wasa ba ce. Ƙasarmu tana da arziki a ciki, farar ƙasar Ƙanƙara shaida ce, kuma samarinmu da yawa suna kwana da mafarkin dutsen da zai sauya musu rayuwa dare ɗaya. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen wannan mafarki. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar na sauka a tabarmar da yara ke rarrafe da kwanon da suke cin tuwo. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar saboda rashin tsaro. Ba aljani ya yi wannan ba. Talauci ne, da jahilci, da kwaɗayin masu sayen abin a araha. Yaran Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ke buga wasanninku suna buƙatar su koyi tambayar wane ne ya aikata, kuma don me.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. In za ku sa dutse a labari, ku bar shi dutse, mutane su ɗauki nauyin aikinsu. In kun ƙirƙira, ku faɗa wa ɗan wasa a fili cewa nan ƙirƙira ce, nan kuma tarihi. Sannan kafin ku taɓa sunan sarki ko gari, ku buɗe littafi, ku kuma durƙusa gaban dattawan garin tun suna da rai.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalam.