Rufe Gidan Mari Ba Ya Warkar da Ɗan Ƙwaya

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da ɗaruruwan maza da yara, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Samame ya biyo baya a Daura da Katsina, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe gidajen mari. Matakin ya dace. Sai dai an rufe ƙofa ba a tanadi wata ba.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar a 2018 ya kiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan magunguna dangin tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Uban da ke Rijiyar Zaki, wanda ɗansa ya fara sayar da buhun hatsin gida don sayen ƙwaya, zaɓinsa kaɗan ne: asibitin Dawanau, ko malamin da maƙwabci ya ba shi labari. Idan gado bai samu ba, wajen malam zai nufa, ko gwamnati ta sani ko ba ta sani ba.

Shi ya sa nake ganin lasisi ya fi haramci amfani, muddin an gina shi a kan yadda cutar take. Wanda jikinsa ya saba da tiramol, idan aka yanke masa kwatsam, zai sha gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci na kwanaki, kuma yana buƙatar idon ma'aikacin lafiya. Haɗarin da iyaye ba su cika sani ba yana zuwa ne bayan sallama. Watannin da ya yi a tsare sun rage juriyar jikinsa, don haka adadin da ya saba haɗiya a da zai iya tsayar masa da numfashi ranar da ya koma. Gidan da ke sallamar mutum ba tare da bibiya ba bai cancanci takarda ba, ko da fentinsa na sheƙi.

Kano tana da hukumar PHIMA mai yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Abin da ya rage shi ne sharuɗɗan da ƙaramin wuri zai iya cikawa: babu sarƙa, babu bulala, a rubuta sunan duk wanda aka karɓa da ranar shigarsa, likita ya riƙa zagayowa, masu bincike su shigo ba da sanarwa ba. Malamin da ya amince da wannan a haɗa shi da asibitin da ke kusa, ya ci gaba da nasiha da karatu. Wanda ya ƙi, a gurfanar da shi gaban kotu.