Makirufo goma sha biyu, amma kiɗan ya mutu

Jama'a, ku yi haƙuri, yau ba siyasa. Makon jiya aka yi bikin ƙanen matata, aka gayyato wani dattijon makaɗin kalangu da yaransa. Iyali suka haɗa kuɗi aka ɗauko wani matashi mai situdiyo, don a adana wasan. Yaron nan ya jera makirufo goma sha biyu: kowane kalangu da nasa, kowane ɗan amshi da nasa, kusan a bakinsa. Jiya aka turo mana sautin. Wallahi tsaf yake, ba hayaniya ko kaɗan. Amma ba kiɗan da na ji a wurin ba ne.

Ga inda matsalar take. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Bugun kalangu ɗaya zai shiga makirufon da ke kusa da shi, ya kuma shiga na maƙwabcinsa a makare kaɗan. Idan aka haɗa su, wani ɓangare na sautin yakan soke wani, kiɗan ya yi siriri. Shi ya sa masu sana'ar suke da ƙa'ida: tazarar makirufo biyu ta kai aƙalla ninki uku na tazarar kowanne da abin da yake ɗauka. Wa ya auna wannan a cikin rumfar biki? Sannan irin makirufon da ke fuskantar gefe guda, in ka manna shi da abu, yakan ƙara kaurin sauti. Sai ka ji bugun sanda a kan fata, ka rasa amon da ke tashi idan makaɗi ya matse tsarkiya.

Babban abin ma shi ne: su 'yan amshi sun san lokacin da za su sassauta murya su ba ubangidansu fili. Shekaru suka yi suna koyon haka. Da zarar kowa ya samu makirufonsa, wannan hukunci ya koma hannun wanda ke zaune gaban kwamfuta, wanda bai taɓa rataya kalangu ba.

Kar wani ya ce na tsani zamani. Su Beatles a Ingila sun matso da makirufo jikin ganguna a 1966, kuma ya yi musu kyau, domin sautin da suke nema ke nan. A fili mai hayaniya ma dole ne. Amma kamfanin Decca tun shekarun 1950 da makirufo uku yake kama jigon babbar ƙungiyar makaɗa. Mu kuma ku saurari tsofaffin faifan Shata da Ɗankwairo: da duk ƙarancin kayan aiki, kana jin mutane ne a wuri ɗaya suna sauraron juna.

Shata ya rasu tun 1999. Dattawan da suka rage ba su da yawa, kuma abin da muka ɗauka yau shi jikokinmu za su gada. Don Allah masu situdiyo, ku kafa makirufo biyu a inda mai sauraro zai tsaya, ku ƙara ɗaya don muryar mawaƙi, sannan ku bar dattijo ya jera mutanensa yadda ya saba. Wanda ke ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki.