Cokali uku na koko suka sa aka ɗage aikin ɗan ƙanena

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba. Wani abu ne ya faru da mu makon jiya, na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ɗan ƙanena mai shekara huɗu muka kai wani asibiti a cikin birni, za a yi masa aikin kaba. Tun jajibiri suka taso daga ƙauyenmu a ƙasar Dambatta, suka kwana a gidana. Umarnin da aka ba mu gajere ne: daga sha biyun dare kada ya ci, kada ya sha. Gari ya waye, ƙarfe goma ta wuce, ba a kira mu ba. Yaro sai kuka yake, leɓe ya bushe. Ashe Inna ta zaga da shi bayan ɗaki ta ba shi koko. Da likitan sa barci ya tambaya, ta yi jim, sannan ta ce, "Ɗan nan, koko ne fa cokali uku, ai ba abinci ba ne." Nan take aka ɗage aikin. Kuɗin mota ya tafi a banza, ga ƙanena ya baro gyaɗa a gona ana tsaka da cira.

Wallahi da farko haushin Inna na ji. Da likitan ya yi mana bayani, sai na gode Allah da ta faɗi gaskiya. Idan mutum yana farke, abu ya nufi hanyar numfashinsa, zai ƙware ya yi tari ya fito da shi. Maganin sa barci yana kashe wannan tsaron. Abin da ke ciki zai iya tasowa ya gangara huhu, ruwan ciki kuma mai tsami ne, yana ƙona huhu. Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1946 wani likita a Amurka, Curtis Mendelson, ya rubuta labarin mata 66 da hakan ta same su a wajen haihuwa.

To amma ni a ganina laifin ba na Inna kaɗai ba ne. Ƙa'idar da likitocin sa barci suka daɗe a kanta ita ce: abinci, madarar gwangwani da nonon shanu a tsayar awa 6 kafin aiki, nonon uwa awa 4, ruwa zalla awa 2. Abu mai maiƙo kamar ƙosai ko soyayyen nama kan kai awa 8. A 2018 ma ƙungiyoyin likitocin sa barcin yara a Turai sun amince a bar yaro ya sha ruwa har saura awa 1. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk a layin abinci suke. Kun ga ke nan, da an ce mana yaron zai iya kurɓar ruwa da asuba, da wataƙila ba a kai ga koko ba. Yaron da ko azumin Ramadan bai hau kansa ba, a bar shi awa goma ba ruwa a zafin Kano, wace kaka ce za ta jure kallonsa?

Na san ma'aikatan lafiya za su ce aiki ya yi musu yawa, jerin masu jira yana canzawa, wuta na iya ɗaukewa, shi ya sa "sha biyun dare" ta fi sauƙi. Gaskiya ne, ni ma ma'aikaci ne, na san ƙarancin hannu. Amma umarnin da ba a faɗi dalilinsa ba, a ɓoye ake karya shi. Minti biyu ya isa a yi wa uwa da kaka bayani da Hausa, a rubuta lokacin daina abinci da na daina ruwa a takarda. A sa ƙananan yara a farkon layi. In aiki ya yi jinkiri, a zo a ce a ba shi ruwa.

Mu kuma iyaye, mu tambaya: ƙarfe nawa zai daina ci, ƙarfe nawa zai daina sha? Abin da likitan ya ce shi za a bi, domin wani yaron lalurarsa daban ce. A sanar da duk wanda ke jinya, har masu zuwa dubiya da biskit a jaka. In kuwa an riga an ba shi, don Allah a faɗa. Ɗage aiki asarar kuɗin mota ce, ɓoyewa na iya zama asarar rai.

An ba mu wata rana a wata mai zuwa. Inna ta ce wannan karon ita ce mai gadi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Ku tura wa 'yan uwa na ƙauye, a karanta wa iyayenmu mata.