"Ta Yaya Aka Sani?" Tambayar da Ba Mu Koya wa 'Ya'yanmu

Makon jiya a tashar mota na tarar da wani mai tallar magani, ya ɗaure lasifika a rufin wata tsohuwar mota, ya jera jarkoki a but. Ruwan iri ɗaya ne, launin ƙasa-ƙasa, amma wai yana maganin basir, da shawara, da ciwon sanyi, da taifot, da hawan jini, "har da wadda likita ya ce ba ta jin magani". Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce shi shaida ne, ya sha ya warke. Ni hankalina na kan wasu yara uku da aka taso daga makaranta, jaka a baya, sun saki baki suna saurare. Gobe su ne za su yanke shawarar abin da za a ɗura wa jariri.

Kada wani ya ce ai boko zai raba su da wannan. Mu tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane da asuba ta waya: ku yi wanka da ruwan gishiri, ku sha. Masu digiri sun yi, malaman makaranta sun yi. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu aka kwantar a asibiti. Mun iya karatu, amma ba a koya mana auna magana ba.

A Yuganda an gwada koyar da wannan awon. A 2016, masana daga Jami'ar Makerere da ke Kampala, tare da takwarorinsu na Norway, suka ɗauki makarantun firamare 120, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su littafin labari mai zane da darussa tara a zango guda, rabi aka bar su da karatunsu na kullum. Yaran sun haura dubu goma, 'yan shekara 10 zuwa 12. Misalan daga cikin gida aka ɗebo su, kamar al'adar shafa kashin shanu a ƙuna. Da aka yi jarrabawa, kashi 69 cikin ɗari na waɗanda aka koyar suka ci, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 27. Mujallar likitanci ta The Lancet ta buga sakamakon a 2017.

Abin da aka koya musu bai fi ƙarfin ɗan aji biyar ba. Na farko, "na sha na warke" ba hujja ba ce, domin mura takan tafi da kanta cikin kwanaki, ko ka sha tazargade ko ba ka sha ba. Na biyu, ba a sanin amfanin magani sai an kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, kuma su kasance da yawa. Na uku, tsufan magani, ko sabuntarsa, ko tsadarsa, ba su ke sa shi aiki ba. Manomi ya riga ya san wannan: idan aka kawo masa sabon taki, yakan zuba a kunya kaɗan ya bar sauran, ya jira kaka. Gani ya kori ji.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: yaro zai koyi musu da manya, ya raina kakarsa. Amma tambaya daban, rashin kunya daban. A islamiyya muna koya wa yaro cewa malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun bi diddigin wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. In mun yarda da tantancewa a sha'anin addini, me ya sa za mu haɗiye duk abin da ya shigo WhatsApp a sha'anin rai?

Kuma tambayar ba mai maganin gargajiya kaɗai take hawa ba, har mai farar riga. Kanawa ba su manta da gwajin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara lokacin sanƙarau a 1996 ba. Tabon nan na cikin abin da ya rura ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje. Zargin da ba shi da ma'auni yakan sa mutum ya tsere wa magani na gaskiya, ya faɗa hannun mai jarka.

Saboda haka kirana ga hukumomin ilimin firamare da shugabannin makarantu: darasin kiwon lafiya kada ya tsaya a wanke hannu da yanke farce. Gwangwani goma, da ƙasa, da ƙwayar wake sun isa malami ya nuna wa aji yadda ake gwaji na adalci. A rubuta darussan da Hausa, da misalan kasuwarmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mai lasifika ba zai bar tasha ba, kuma doka ba ta iya bin kowace jarka. Abin da nake fata shi ne ranar da ɗaya daga cikin yaran nan zai matsa kusa, ya gaishe shi da ladabi, ya ce: "Baba, waɗanda ba su sha ba fa, su ba su warke ba ne?"