ZANCEN SATI: Abin da ke bayan labule a jirgin sama

Kwanan baya na je Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Runji, gaisuwar rasuwa. Bayan an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, sai wani dattijo mai sayen aya da riɗi a kasuwannin Agye da Gazawa ya ja ni inuwar bedi, ya ce: "Ɗana, kai da ka yi lakwal mai zurfi, zo ka warware mini wata magana."

Ashe a dawowarsa daga umara kujerun baya sun cika, sai aka wuce da shi gaban jirgi, sashen manya, wanda labule ya raba da na sauran jama'a. Alhaji ya ce tun kafin a tashi aka miƙo masa tsumma mai ɗumi na goge hannu, da lemu a kofin gilashi, da takarda mai jerin abinci kamar a babban otel. Da aka lula sama aka shimfiɗa masa farin ƙyalle, aka kawo cokula na ƙarfe, sannan abinci ya yi ta zuwa bi da bi: na buɗe baki, da nama ko kifi yadda mutum ya zaɓa, da cuku iri-iri, da kayan zaƙi, da shayi. Amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne wani ɗan ƙaramin kwano na ƙwayoyin itatuwan waje da aka ɗumama. Ya ce: "Na juya su, na sake juyawa, ban ga gyaɗarmu ba, ban ga ayarmu ba. Shin abin nan halal ne? Kuma don me namu bai hau sama ba?" Na ce: "Baba, a yi mini haƙuri, amsar ta fi ƙarfin zaman makoki." To ga ta yau.

Da farko dai, wannan al'ada ba sabuwa ba ce. Tun watan Oktoba na 1919 kamfanin Handley Page ya fara sayar wa fasinjoji abinci tsakanin Landan da Paris. Yau ma ba a cikin jirgi ake girkin ba. A ƙasa ake dafawa, a manyan madafai kusa da filin jirgi, irin na kamfanin Servair da Air France ta kafa a 1971. Ana dafawa, a sanyaya da gaggawa, a loda, in an tashi a ɗumama a tanda. Bambancin gaba da baya shi ne tsadar kayan, da yawan zaɓi, da faranti na tangaran, da ma'aikacin da ke tsaye kanka. Kamfanin Turkish Airlines har mai dafuwa yake sakawa cikin jirgi a doguwar tafiya, da farar hularsa, domin ƴan gaba.

Akwai kuma wani sirri. Iskar da ke cikin jirgi daidai take da ta bisa dutse mai tsawon mita 1.800 zuwa 2.400, wato kamar mutum yana ƙolin duwatsun Bagzan a Ayar, ga ta a bushe kamar ta tsakiyar hunturu. Hanci ya bushe, harshe ya yi nauyi. Binciken da cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta yi wa kamfanin Lufthansa a 2010 ya nuna cewa jin gishiri da zaƙi na iya raguwa da kusan kashi 30 cikin 100. Shi ya sa masu girkin jirgi ke ƙara kayan ƙamshi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Game da halal, Alhaji ya kwantar da hankalinsa in jirgin Saudia ne, ko Emirates, ko Turkish Airlines, domin abincinsu na halal ne. A sauran kamfanoni, musulmi yana da ikon neman abincinsa tun wajen yankan biye. Alamarsa MOML, kuma a nema kwana biyu kafin tafiya ya fi. Sai dai a kula da abin sha. Saudia ba ta raba giya, amma yawancin kamfanoni suna miƙo shampan tare da lemu a faranti guda. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kujerar gaba takan ninka ta baya sau uku ko huɗu, wani lokaci fiye. Ɗan kasuwan da ya biya daga aljihunsa, ba mu da ta cewa. Guminsa ne, ya ci lafiya. Amma wanda ya tafi misiyon da kuɗin baitulmali, wa ya saya masa wannan cukun? Mai shago da ya biya fatanti, da mai kamiyo da ya biya duwan, da manomin Sae Sabuwa da ya sayar da tiyar hatsi ya biya lanho. Ba mu manta da Air Afrique ba, wadda ƙasashe 11, har da Nijar, suka kafa a Yawunde a 1961, ta kuma durƙushe a 2002. Cikin dalilan da ake lissafawa har da bashin biye da gwamnatoci suka ci ba su biya ba. An ci daɗi a sama, aka bar wa ma'aikata kuka a ƙasa. Haka kuma ba mu manta da 2005 ba, shekarar da iyaye mata suka yi ta layi da yara a cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Agye da Tsibiri. Ƙasar da ta ga wannan da idonta, ya kamata ma'aikacinta ya ji nauyin zama gaban labule da kuɗin talakawa. Jirgin ɗaya ne. Na gaba da na baya lokaci guda suke sauka Yamai.

Tambaya ta biyu ta fi zafi, kuma ku ƴan kasuwa ta shafa. Me muka rasa? Jihar Maraɗi ce uwar aya a Nijar. Ayar nan ana kai ta har Sifen, inda mutanen Balansiya ke yin wani farin abin sha da suke kira horchata, wanda ba shi da maraba da kunun ayarmu. Muna da riɗi, muna da zogale a fadamun Gulbi, muna da jar akuyar Maraɗi da aka kafa wa cibiyar kiwo tun 1963. Kilishin Nijar da albasar Galmi, hukumar OAPI ta yi musu rajista da sunan ƙasarmu. Kuma tun da yaji da ƙamshi ne ke jure wa sama, wane abu ya fi kilishi dacewa da harshen da ya yi nauyi?

Laifin ba na Bature ba ne shi kaɗai. Mai madafar jirgi ba ya sayen kaya da "wallahi mai kyau ne". Yana son takardar dakin gwaji da ke shaida cewa gyaɗa ba ta da gubar rima, wadda ake kira afalatoksin. Yana son aya marar tsakuwa, kilishin da bai sha ƙura da ƙuda ba, ƙunshi mai ranar yi da ranar lalacewa, da kaya iri ɗaya kowane sati, rani da damina. Mu kuwa mun saba da buhu da awon tiya, mu sayar ɗanye, wani ya wanke, ya ƙunshe, ya ci ribar. Ran 12 ga Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kowa ya yi ta cewa mu ci namu, mu sha namu. Shekaru sama da 30 ke nan, har yanzu maganar ba ta wuce baki ba.

Shawarata biyu ce. Ga mahukunta: duk wanda zai tafi misiyon da kuɗin ƙasa ya zauna baya, in yana son gaba ya cika daga albashinsa, rarar a sa ta cikin ɗakin gwajin kayan gona a Maraɗi. Ga ƴan kasuwa: masu aya da riɗi na Gidan Runji da Agye da Gazawa su haɗa kai, su sayi injin tsincewa da na ƙunshewa, su fara da otel-otel na Yamai da shagunan filin jirgin Diori Hamani, kafin su ƙwanƙwasa ƙofar kamfanonin jirage. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Baba Alhaji, ga amsarka. Ranar da ka sake samun kanka gaban labule, fatanmu ɗan kwanon nan ya zo da ayar da ka auna da hannunka.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.